Darasi na Tara: Binciken Laima a Bangon Banɗaki Tun Aiki Bai Ƙare Ba

Manufar darasi

Idan mai karatu ya kammala wannan darasi, ana fata zai iya rarrabe hanyoyin da ruwa yake bi ya shiga bango, ya san yadda ake gwada kowace hanya da kayan da ke hannunsa, ya kuma gane lokacin da ya halatta a rufe bango da tayil ko fenti, da lokacin da ya wajaba a dakata.

Fa'idar bincike kafin a rufe bango

A cikin ɗakunan gida duka babu wanda ruwa yake yawan ziyarta kamar banɗaki, domin a nan ake wanka, a nan ake kama ruwa, a gidaje da yawa kuma a nan ake alwala dare da rana, har da wankin tufafin yara; saboda haka bangon da ya kewaye shi yana ɗauke da wahalar da sauran bangayen gida ba su san ta ba. Galibin mutanenmu kuwa ba su gina gida ko gyara shi a zama ɗaya. Mutum yakan sayi bulo bana, ya yi filasta baɗi, ya jira albashi ko kaka ko kwasar adashi kafin ya sayi tayil, har banɗaki ya yi watanni da fayif a fili, bango ba sutura. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan jinkiri abin kunya, suna ɗokin ranar da za a lulluɓe kome a huta da idon baƙi, alhali kuwa ga mai hankali wannan lokaci ganima ce, gama shi kaɗai ne lokacin da ake iya ganin aibin bango a gyara shi da kuɗi kaɗan. Ranar da aka manna tayil, duk abin da ke bayansa ya ɓuya, kuma ba za a sāke ganinsa ba sai da guduma da kurfi, a farfasa abin da aka saya da tsada, a sāke biyan mai aikin da aka riga aka sallama. Magabata sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Sabubban laima guda biyar

Wajibi ne mutum ya san sababin cuta kafin ya nemi magani, domin laimar bango ba iri ɗaya ba ce, kuma abin da yake kawar da wata ba ya taɓa wata.

Ta farko ita ce laimar aikin kansa. Buhun siminti mai kilo 50 yakan sha ruwa kimanin lita 25 wajen kwaɓi, ko fiye idan lebura ya saki hannu, amma abin da simintin yake riƙewa ya zama jikinsa bai wuce wajen rabin wannan ba. Ragowar, tare da ruwan da aka yi ta yayyafa wa filasta kwana bakwai don ta yi ƙarfi, sai ta fita cikin iska sannu a hankali. Wannan ba aibi ba ne, maganinsa haƙuri.

Ta biyu ita ce yoyo, ko daga fayif ɗin da aka binne a bango, ko daga bututun da ke fitar da ruwan ƙazanta, ko daga daɓen da ruwan wanka yake ratsawa. Yoyo yakan faru a mahaɗa, inda aka yi rowar gam, ko aka ƙona bakin fayif fiye da ƙima wajen haɗi, ko tsohon fayif na ƙarfe ya yi tsatsa, ko kuwa ƙusa ta huda shi ba a sani ba. Kada a raina ɗigo, domin abin da yake ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da ɗigo 86,400 a yini da kwana, wanda ba ya kasa lita huɗu ko da ɗigon ƙanana ne. Bulo mai rami kuwa, ko inci shida ko inci tara, yana tara ruwan a cikinsa ya kai shi nesa da inda ya fito.

Ta uku ita ce laimar da ke hawowa daga ƙasa. Bulo da filasta cike suke da ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, suna jan ruwan ƙasa zuwa sama kamar yadda lagwani yake jan kananzir daga cikin fitila, muddin ba a shimfiɗa abin da zai datse shi a kan harsashin gini ba, watau abin da magina ke kira DPC, wanda ƙa'ida ta ce ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15. Irin wannan laima ba safai take wuce tsayin mita ɗaya ba.

Ta huɗu ita ce ta ruwan sama, wanda yake shiga ta tsagar filastar waje, ko ta gefen taga, ko ta indararon da ya toshe ko ya karye yana kwarara a jikin gini. Ta biyar kuwa ita ce raɓar tururi, wadda take sauka a kan bango mai sanyi bayan wanka da ruwan zafi a ɗakin da ba shi da mafitar iska. Wannan daga cikin ɗaki take zuwa, bangon kansa lafiya lau yake.

Bincike da ido da hannu da hanci

Farkon abin da mai bincike zai yi shi ne ya kashe wutar lantarkin da ke zuwa banɗakin tun daga babban makunni, domin jiƙaƙƙen bango mai waya a cikinsa yana iya kisa. Sa'an nan ya shiga da sassafe, kafin kowa ya taɓa ruwa, ya rufe ƙofa, ya tsaya ya shaƙi iskar ɗakin, gama warin fumfuna yakan riga tabonta bayyana. Bayan haka ya ɗauki tocila ya kwantar da haskenta a jikin bango, ba ya haska shi gaba da gaba ba, domin hasken da ya zo ta gefe shi ne yake fito da kumburin fenti da tsaga da ɓarɓashin da ke zuba.

Siffar tabo ita ce shaida ta farko. Tabon da ya bi gindin bango a miƙe, gwiwa ko ƙugu tsayinsa, da wani farin gari kamar kanwa a bakin iyakarsa, alamar ruwan ƙasa ce. Farin garin nan gishiri ne da ruwa ya ɗauko daga ƙasa ko daga siminti, ya bar shi a nan sa'ad da ya bushe, kuma shi ne yake cin filasta har ta riƙa zuba idan an shafa. Tabon da ya faro daga wuri ɗaya a tsakiyar bango, kusa da famfo ko shawa, yana faɗaɗa yana gangarawa, alamar yoyo ce. Wanda ya sauko daga sama ko daga kusurwar taga, yana duhu bayan an yi ruwa yana kuma dushewa idan rana ta buɗe, na ruwan sama ne. Baƙaƙen ɗige-ɗige a kusurwar silin kuwa aikin tururi ne. Sai a dafa bango da bayan hannu a kwatanta sanyin wuri da wuri, a kuma ƙwanƙwasa filasta da ƙotar sukundireba, domin inda ta saki bulo yakan ba da amo irin na fanko. Kada a manta da bayan bangon, watau fuskar da ke kallon ɗakin kwana ko zaure ko gidan maƙwabci, gama sau da yawa can ne laima take fara nuna kanta. A ƙarshe a zagaye bakin tabon da alli, a rubuta kwanan wata a gefe, don a san ko yana ƙaruwa ko yana raguwa, maimakon a dogara da tunani, wanda yakan gaya wa mutum abin da yake so ya ji.

Gwaje-gwaje guda huɗu

Abin da ido ya gani zato ne, ba ya zama yaƙini sai an gwada.

Gwajin leda shi ne mafi sauƙi. A yanko leda mai kauri wadda ake ganin abin da ke bayanta, tsawonta da faɗinta kimanin santimita 45, a goge bango, a manna ta a kai, a bi gefunanta huɗu da salatif mai faɗi har ba inda iska za ta shiga, a bar ta aƙalla awa 16, in an samu kwana biyu ya fi. Idan aka dawo aka ga ƙwayoyin ruwa a ƙarƙashin ledar, ko aka ɓanɓare ta aka tarar filastar wurin ta fi ta kewaye duhu, to, ruwan daga cikin bango yake fitowa, kuma bai halatta a rufe shi ba tukuna. Idan kuwa raɓar a bayan leda take, ta fuskar da ke kallon ɗaki, ƙarƙashinta a bushe, to, laifin na iskar ɗakin ne. Ya kamata a manna leda uku a lokaci ɗaya, ɗaya a gindin bango, ɗaya kusa da famfo, ɗaya can sama, domin bambancin da ke tsakaninsu shi ne yake nuna inda ruwan ya fito.

Na biyu gwajin tanki ne, don gano yoyon fayif. Da dare a cika tankin sama, a tsayar da ruwan da ke shiga cikinsa, a rufe famfuna duka har da makunnin tukunyar masai, a yi alama daidai bakin ruwa, a rufe murfi, a gargaɗi iyali kada kowa ya buɗe famfo sai da safe. Tanki mai zagaye wanda faɗinsa mita ɗaya ne, kowace santimita da ruwa ya sauka a cikinsa kusan lita takwas ke nan. Idan ya sauka alhali ba wanda ya ɗiba, to, akwai inda yake zuwa. Sai dai matsin ruwan tanki ba shi da yawa, saboda haka wanda ya sa sababbin fayif lalle ne ya nemi mai aikin famfo ya toshe bakunansu ya matsa musu ruwa da famfon gwaji, fiye da matsin da za su yi aiki da shi kullum, a zuba wa allurar ma'aunin matsin ido a ga ko ta sauka, tun kafin birkila ya toshe ramukan da aka sassaƙa a bango.

Na uku gwajin daɓe ne. Bayan an shafa maganin hana ruwa a daɓen ya bushe, kafin a ɗora tayil, a toshe magudana, a datse bakin ƙofa, a zuba ruwa ya kai santimita uku zuwa biyar, a yi alama, a bar shi awa 24 ko 48, sa'an nan a duba gindin bango ta waje, in kuwa bene ne a duba silin ɗin ɗakin ƙasa. Idan aka buɗe magudanar a lura da tafiyar ruwan, domin daɓen ƙwarai yana gangara zuwa gare ta da santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, ba ya barin kududdufi a lungu.

Na huɗu shi ne na'urar auna laima, wadda wata tana da allurai biyu da ake kafawa, wata kuwa ɗora ta kawai ake yi a bango. Tana da amfani, amma a san iyakarta. Asalin lissafin mai allura na katako ne, inda abin da ya haura kashi 20 cikin ɗari yake nuna haɗarin ruɓa; a kan siminti kuwa gishiri da ƙarfen da ke ɓoye suna ruɗa ta, ta nuna laima inda babu. Hanyar da ta dace ita ce a fara auna bangon da aka tabbata busasshe ne a cikin gidan, sa'an nan a kwatanta sauran da shi.

Sha'anin lokaci

Masana gini na Ingila sun ajiye ƙa'ida cewa sabon bangon bulo ya sami mako shida, filastar siminti mako biyu, daɓen siminti da yashi kuma mako uku, kafin a ɗora musu tayil. Wannan mafi ƙaranci ne, kuma yanayin ƙasarmu yana da nasa hukunci. A cikin hunturu, sa'ad da iskar Kano ko Damagaram take bushewa ƙayau, fuskar filasta takan yi fari cikin kwana biyu, mutum ya zaci ta bushe, alhali cikinta jiƙe yake. Kuma bangon da ke shan ruwan ƙasa ko ruwan sama yakan yi shiru tun daga Nuwamba har Mayu, kamar ba shi da wata illa. A watan Agusta ne, lokacin marka, gini yake bayyana halinsa na gaskiya. Saboda haka wanda aikinsa ya tsaya har damina ta riske shi, ya ribaci tsayawar ya duba bangonsa. Wanda kuma zai rufe da rani, ya nemi tsohon tabon gishiri, ya tambayi waɗanda suka zauna a gidan yadda bangon yake yi da damina.

Misali

Mu ƙaddara wani magidanci a Zariya yana gyaran banɗakin da ke manne da ɗakin uwargidansa, an sa fayif, an yi filasta, an sayo tayil an jingine. Ana cikin Agusta uwargida ta ce: «Malam, tufafin da ke cikin kabad suna wari, kuma bayan kabad ɗin ya yi baƙi.» Da aka kira birkila ya duba, sai ya ce: «Alhaji, ai damina ce, da rani zai bushe. A bari mu sa tayil mu gama.» Maigidan bai yi musu ba, amma ya lura cewa bangon na ciki ne, ruwan sama ba ya dukansa, kuma tabon bai faro daga gindi ba, ya faro ne daidai tsayin famfon shawa. Ya zagaye shi da alli, aka yi kwana uku ba a yi ruwa ba, tabon ya ƙetare allin. Ya yi gwajin tanki, da safe ya tarar ruwa ya sauka santimita biyu, watau wajen lita 16. Da waɗannan hujjoji ya sa aka fasa tafin hannu ɗaya na filasta, aka sami gwiwar fayif a tsage, aka canza ta, aka bar ramin a buɗe har leda ta fito a bushe. Abin da ya kashe bai kai kuɗin kwali ɗaya na tayil ba.

Abin yi bayan an gano sababi

Tsarin gyara ɗaya ne a kowane hali: a tsayar da ruwa daga tushensa, a bar bango ya bushe da taga a buɗe, a sāke gwadawa, sa'an nan a rufe. Wanda ya shafa fenti mai maiƙo ko ya manna tayil a kan jiƙaƙƙen bango bai kashe laima ba, ya dai kore ta ne zuwa ɗaya fuskar ko zuwa sama. Idan ruwan ƙasa ne, a kwashe ƙasar da aka tara a gindin gini, a gyara kwata ta yi nesa da harsashi, a duba ko ramin sokawe bai yi kusa ba, a kankare filastar da gishiri ya ci a sāke sabuwa da maganin hana ruwa. Idan tururi ne, a buɗe taga ko a sa fanka mai zuƙe iska. A kuma sani cewa tayil da abin da ake cike tsakaninsa da shi ba su isa su tare ruwa su kaɗai ba. Maganin da aka shafa a ƙarƙashinsu, musamman a mahaɗar bango da daɓe da kewayen bakin fayif, shi ne mai tsaro na haƙiƙa.

Masu bangon ƙasa suna da ƙarin hattara. Maginanmu na dā suna kare tubali da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, suna kuma sabunta yaɓe a kan kari. Filastar siminti a kan bangon ƙasa kuwa takan tsare laima a bayanta, ƙasar ta yi laushi a ɓoye, har wata rana filastar ta ɓalle falle guda ko gindin bango ya zauna. Wanda zai sa shawa a irin wannan gida, gwamma ya tayar da siririn bangon bulo daga ciki, ya bi da fayif a fili inda ido yake ganinsa.

Lafiya da haƙƙin maƙwabci

Asarar laima ba ta tsaya ga dukiya ba. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan laima da fumfuna a cikin gidaje, inda ta tabbatar da alaƙarsu da tari da shessheƙa da tashin asma. Kuma jiƙaƙƙen wuri yana kiran gara zuwa ga ƙyaure da katakon rufi. Bayan wannan akwai haƙƙi, domin a tsofaffin unguwanninmu bangon banɗakin wani shi ne bangon ɗakin kwanan wani. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun yi dogon bayani a kan hana cutar da maƙwabci ta hanyar gini, har wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, Ibnu Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba bangaye da magudanai idan an kawo ƙara, ya tara hukunce-hukuncen a littafi. Idan ruwan da ke ratsa bango na masai ne, to, ga najasa ta shiga ɗakin da wani yake salla. Wanda ya ga alamar yoyo ya rufe ta da tayil don ya huta, ya ɗora wa iyalinsa da maƙwabcinsa abin da shi ne ya san da shi, su ba su sani ba. Haka kuma mai aikin da ya binne mahaɗar da bai gwada ba, ya ci amanar wanda ya biya shi.

Saboda haka sharuɗɗan rufe bango uku ne: a san sababin kowane tabo, a tsayar da shi, leda kuma ta kwana a bango ta fito a bushe. Idan ɗaya ya rage, tayil ya jira.

Tambayoyi

1. Kawo sabubban laima guda biyar, ka faɗi siffar tabon huɗu daga cikinsu.
2. An sami raɓa a bayan leda ta fuskar ɗaki, ƙarƙashinta kuwa a bushe. Mene ne sababin, kuma mene ne maganin?
3. Ruwan tanki mai zagaye mai faɗin mita ɗaya ya sauka santimita uku a dare ɗaya. Kimanin lita nawa suka zube?
4. Me ya sa binciken da aka yi a hunturu bai isa hujja ba?
5. Don me ake kashe wutar lantarki kafin a fara bincike?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya manna leda uku a bangon banɗakin gidansu, ƙasa da tsakiya da sama, ya bar su kwana biyu, ya rubuta abin da ya gani a kowace da sababin da yake zato, ya kawo aji a tattauna.